Kwanta ko kwantar da: kundina na koyon *lie* da *lay*

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau aka dawo mana da rahoton gwaji da muka rubuta a kan majinyaci. Ina shekara ta biyu a karatun jinya, kuma duk abin da ke shiga fayil da Turanci muke rubuta shi. Malama ta zagaye kalma ɗaya da jan biro har sau uku a shafi guda. Abin da na rubuta shi ne *The patient lied on the bed*, ina nufin mutumin ya kwanta a kan gado. Bayan darasi ta kira ni gefe ta ce, "Ke, kin san abin da kika ɗora wa bawan Allahn nan? Cewa kika yi ya yi ƙarya a kan gado." Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, na ɗauka *-ed* ake liƙa wa aikatau idan abu ya riga ya wuce." Ta ce ba kowane aikatau ba. Sannan ta tuna mini cewa fayil ba ya tsayawa a hannun wadda ta rubuta shi: likita zai karanta, mai karɓar aikin dare za ta karanta, kuma babu wanda zai zo ya tambaye ni me nake nufi.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na ware littafi guda don wannan aikatau kaɗai, da minti 20 kowane dare. Jarrabawar rubuta rahoto tana tsakiyar Maris, ina so kafin nan in riƙa rubuta shi ba tare da na tsaya ina cizon biro ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na buɗe ƙamus, ashe ba aikatau ɗaya ne ke ba ni wahala ba, uku ne suka cunkushe a wuri guda. Akwai *lie* na kwanciya, wanda ke komawa *lay* idan abin ya wuce, kuma *lain* idan ya biyo bayan *have* ko *had*. Akwai *lay* na ajiye abu ko shimfiɗa shi, wannan *laid* ne a duka wuraren biyu. Sai *lie* na ƙarya, shi ne mai bin ƙa'ida sak, *lied* da *lied*, kuma shi na ɗauko jiya ba da sani ba. Na kwanciya da na ƙarya sun yi tarayya a *lying*, na ajiyewa yana da *laying* nasa shi kaɗai.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar *lay* da kanta. Fuska biyu gare ta. A *Yesterday he lay on his side* tana nufin ya kwanta, jiya. A *Lay the sheet on the bed* tana nufin shimfiɗa, yanzu. Haruffa uku iri ɗaya, lokaci daban, ma'ana daban. Na kwafe siffofin duka a bangon littafin daga ciki.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na yanka kwali na yi kati 30, jimlar Hausa a fuska ɗaya, ta Turanci a bayanta. Na bi su sau biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwajin farko. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta karanto mini jimla 20 da Hausa, ni kuma ina rubuta su da Turanci, ba duba littafi. Tara na ci.

Na zauna na bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, don in ban san inda nake faɗuwa ba haddar banza zan yi ta yi. Shida daga cikin 11 iri ɗaya ne: duk inda aka ce "ya kwanta" sai hannuna ya rubuta *laid*. Tun da Malama ta tsoratar da ni daga *lied*, sai na gudu na faɗa wa maƙwabcinsa. *He lay down* kuwa ba ya yi mini kama da abin da ya wuce ko kaɗan, kunnena yana neman wani *d* a ƙarshe kafin ya yarda. Uku na rubuta *laying* a inda ya kamata *lying*. Biyu kuma rubutu ne, na sa *layed*, alhali babu wannan kalma. *Laid* ake rubutawa, kamar yadda *pay* ke zama *paid*.

Ƙa'idar da ke cikin littafin nahawu daidai take: *lay* aikatau ne so-karɓau, wato yana buƙatar karɓau, abin da aikin ya faɗa wa, *lie* kuma ƙi-karɓau, ba ya ɗaukarsa. Na gane ta, zan iya maimaita ta. Matsalar ita ce a tsakiyar jimla ba ni da lokacin da zan tsaya in nemo karɓau. Kafin in gama lissafi ƙawata ta wuce jimla ta gaba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau na samo bakin zaren, kuma daga Hausa ya fito. Ina jera katunan gida biyu, na *lie* a dama, na *lay* a hagu, sai na juya su fuskar Hausa na kallon sama. Na dama duk "kwanta" ne da "kwance". Na hagu kusan duk "kwantar da". Na kwanta, na kwantar da jariri. Babu Bahaushen da zai ce "na kwanta jariri a gado", ko yaro ɗan shekara huɗu ba ya wannan kuskure. Ke nan bambancin da nake ta haddacewa kwana shida yana cikin bakina tun ina ƙarama.

Na koma littafin nahawun Hausa na sakandare. Wannan *-ar da* ɗin shi ne giredi na 5 a cikin giredin aikatau bakwai da masanin harshe Parsons ya tsara a 1960: zauna da zaunar da, tsaya da tsayar da, sha da shayar da, ci da ciyar da. Mu muna da alama ɗaya bayyananniya da muke liƙawa a ƙarshen kalma. Turanci ma ya taɓa yin irin wannan, sai dai shi wasalin tsakiya ya sauya. A Turancin da ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, kwanciya *licgan* ce, kwantarwa kuma *lecgan*, wato sa wani abu ya kwanta. Ƙarya tana can gefe da kalmarta daban, *leogan*. Daga baya ne furucinta ya lallaɓo ya haɗu da na kwanciya. Jamusanci har yau yana riƙe da ukun a rarrabe: *liegen*, *legen*, *lügen*. Kuma ba *lie* da *lay* kaɗai ba ne 'yan wannan gida. *Sit* da *set* haka suke, *fall* da *fell* na sare itace ma haka. Wanda ya fi burge ni shi ne *drink* da *drench*, don asalinsa sha da shayar da ne, kuma har yanzu masu kula da dabbobi suna cewa *drench* idan za su ɗura wa dabba magani ta baki.

Sabuwar dabara: kafin in rubuta, in tambayi kaina da Hausa, kwanta ko kwantar da? Amsar tana zuwa nan take, ba lissafi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kwana uku ina bin katuna da sabuwar dabarar. Zaɓen gida ya daina ba ni wahala. *He lay* na jiya har yanzu sai na yi jinkiri.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Koma-baya, kuma ta inda ban zata ba. Mun yi atisayen miƙa aiki da baki, kowa ta tsaya ta yi bayanin majinyatanta kamar ga masu karɓar aiki. Na shirya jimlata tsaf, *I laid the baby on her back*, na kwantar da jaririyar a rigingine, kuma a takarda babu kuskure ko ɗaya. Da na gama, ƙawata ta raɗa mini cewa *lied* na faɗa. Na musa. Ta ce in sake faɗa, na sake, ta ce to shi ne dai.

Sai da na dawo ɗaki na saurari furucin a ƙamus na waya sannan na gane abin da ya faru. Idona yana karanta *laid* da ƙa'idar Hausa. A wurinmu "ai" ita ce ta "kai" da "rai" da "sai", don haka da na ga l-a-i-d sai na furta shi da wannan sauti, wanda kuma shi ne ainihin furucin *lied* na ƙarya. Bature yana furta *laid* ne da sautin da ke cikin *made* da *paid*. Haka *lain*: ni ina faɗinsa kamar *line*, alhali da *rain* yake tafiya. Abin lura shi ne ban taɓa yin wannan kuskure a *paid* ko *rain* ba, saboda kunnena ya riga idona sanin su. *Laid* da *lain* kuwa a takarda na fara haɗuwa da su, kuma kwana 11 ina maimaita su a zuci da furucin da ba shi ba. Katunan da na yi sun koya wa hannuna daidai, sun kuma ƙara kafe kuskuren a harshena.

Na ji takaici sosai, don gyara abin da aka riga aka saba ya fi koyon sabo wuya. Daga yau kowane kati da ƙarfi zan karanta shi. A ƙasan *laid* na rubuta *made*, a ƙasan *lain* na rubuta *rain*, a ƙasan *lied* na rubuta *side*. Zan kuma riƙa naɗar muryata in saurara.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ban taɓa littafin ba Asabar da Lahadi, aikin dare ya hana. Yau minti 10 kawai, naɗar murya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Dabarar tawa ta nuna iyakarta sau biyu a rana ɗaya.

Na farko: na rubuta *The syringe was laying on the tray*. Na yi tambayar kamar kullum, amma Hausar da ta zo mini ba "kwanta" ba ce, "sirinjin yana ajiye a kan tire" ce. Ajiye kuwa ɗan gidan *lay* ne, sai na bi shi. Kuskure ne. Turanci ba ruwansa da cewa wani ne ya ajiye abin tun farko. Muddin a jimlar abin yana zaune ne a wurinsa, ba wanda ke yi masa komai, to *lying* ne. A wurinsu littafi yana kwanciya a kan tebur, takardu suna kwanciya a ƙasa, gari ma yana kwanciya a gindin dutse. Mu ba mu cika kwantar da abin da ba shi da rai ba, sai mu ce yana ajiye, yana yashe, yana shimfiɗe. Don haka na ƙara wa tambayar reshe: idan Hausar ta zo da "yana ajiye", "yana yashe", "yana zube", duk *is lying* ne. Sai an ce "an ajiye shi" sannan a koma *it was laid*.

Na biyu ya fi haɗari. Ina fassara "an kwantar da shi a asibiti ranar Talata" na rubuta *He was laid in the hospital*. Na tsaya ina kallon jimlar, na ji ba ta zauna ba. Kwantarwar asibiti *admit* ce, ba ta da alaƙa da *lay* ko kaɗan. Da na bincika sai na ga dalilin da ya sa ya kamata mai jinya ta yi kaffa-kaffa da wannan aikatau a kan mutum: *laid out* ana faɗinsa ga gawar da aka shirya, *laid to rest* kuma binnewa ce. Akwai *laid up*, wanda ke nufin ciwo ya kwantar da mutum, shi ne kaɗai ya yi kusa da abin da nake nema, amma maganar hira ce, ba ta fayil ba. Kwantar da hankali ma ba *lay* ba ne, *calm* ne ko *reassure*.

Ban jefar da dabarar ba. Tana aiki a duk inda ake maganar jiki da shimfiɗa, kuma nan ne kusan duk rubutuna yake. Na dai buɗe shafi na musamman mai suna "inda Hausa ba ta raka ni", na sa waɗannan a ciki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wani abu ya dame ni duk makon nan. Ina kallon bidiyon koyar da aikin jinya, wata ma'aikaciya 'yar Amurka ta ce wa majinyaci *Lay down for me*. Na mayar baya na sake ji, haka ta ce. A ƙa'idar da nake bi *lie down* ya kamata. Na fara kasa kunne, sai na riƙa jin irinsa ko'ina, a fina-finai da waƙoƙi da hira. Har na fara tunanin ko wahalar banza nake sha.

Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya yi bayani a kai. Ya nuna tun ƙarni na 14 ake amfani da *lay* a ma'anar kwanciya, kuma ba wanda ya ɗauke shi laifi sai wajen 1770, daga nan ne littattafan makaranta suka sa shi a gaba. Ke nan ba lalacewar zamani ba ce, tsohon abu ne, kuma masu harshen da kansu suna ta gauraya su shekaru ɗaruruwa.

Na yi tunani a kai, ga inda na tsaya. Ba zan ƙara ganin wanda ya ce *lay down* a matsayin wanda bai iya Turanci ba, kuma idan na ji shi zan gane ba tare da na ruɗe ba. Amma ni a rubutuna ƙa'idar zan bi. Mai duba jarrabawa ita yake bi, fayil kuma rubutu ne na aiki. Ban da haka, ina ganin bambancin yana da amfani na gaske a sana'armu. *The patient lay on his left side* yana nuna shi ya kwanta da kansa. *The patient was laid on his left side* yana nuna kwantar da shi aka yi. Ga wanda zai karanta da ƙarfe uku na dare, wannan labari ne a kan ƙarfin jikin mutumin da hayyacinsa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na shiga 'yan rakiya. *Lay off* sallamar ma'aikata ce saboda aiki ya ragu, ba don laifinsu ba. *Lay the foundation* aza harsashi. *Mislay* a ajiye abu a manta inda aka sa shi, yana bin gidansu, *mislaid*. *Underlying*, wanda nake gani kullum a *underlying condition*, ashe daga *lie* yake, wato ciwon da ke kwance a ƙarƙashi. Shekara biyu ina rubuta kalmar ban taɓa haɗa ta da wannan aikatau ba.

Kaza ta ɗan ruɗa ni. *The hens are laying* daidai ne ko da ba a ambaci karɓau ba, don kowa ya san ƙwai ake nufi. Kwancin da take yi a kan ƙwan kuma ba *lie* ba ne, *sit* ake cewa ko *brood*. Wannan ma ya shiga shafin da Hausa ba ta raka ni.

Lahadi, 2 ga Maris

Gwaji na biyu, sababbin jimloli 20, rabi a rubuce rabi da baki. Na ci 17. Furuci bai kayar da ni ko sau ɗaya ba, naɗar murya ta yi aiki. Biyu daga cikin ukun da na faɗi *lain* ne: "ya daɗe a kwance kafin a same shi" na sa *had laid*. Na ukun *lay* ne na jiya, da sauri ta ɗebe ni.

*Lain* kalma ce da ba na jin ta a bakin kowa, shi ya sa ba ta zauna. Na lura masu harshen ma sukan kauce mata, su ce *had been lying*, kuma wannan daidai ne, sau da yawa ma ya fi dacewa da abin da ya ɗauki lokaci. Zan riƙa amfani da shi a rahoto, amma zan ci gaba da bitar *lain* don in gane ta idan ta fito a tambaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na rage katuna zuwa 12, waɗanda suka fi ba ni wuya. Kowane dare ina rubuta jimla biyar a kan abin da ya faru da rana, dole kowace ta ƙunshi *lay* na jiya. Yau na ji *she lay still* ya fito ba tare da kunnena ya nemi *d* ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na kai wa Malama sabon rahoto, shafi biyu, aikatan nan sun fito sau takwas a ciki. Ta karanta a gabana, ba ta zagaye ko ɗaya ba. Ta tambaye ni yadda na yi, na gaya mata zancen kwanta da kwantar da, da wuraren da bai yi aiki ba. Ta ce in rubuto mata shi a shafi ɗaya ta raba wa 'yan shekarar farko, amma in tabbata na sa gargaɗin *admit* a sama. Sannan ta ɗora biro a wani layi can ƙasa ta ce, "Wannan fa?" Na rubuta *His temperature raised overnight*. *Rose* ya kamata. Zafin jikin tashi ya yi, ba wanda ya tayar da shi.

Asabar, 15 ga Maris

An yi jarrabawa jiya. Sau ɗaya na tsaya, a kan "an same ta a yashe a ƙasa", na tuna shafin 20 ga Fabrairu na rubuta *She was found lying on the floor*.

Na lissafa abin da aikin ya ci. Kwana 40 daga 3 ga Fabrairu zuwa jiya, na zauna da littafin a dare 33, wajen awa 11 ke nan gaba ɗaya. Littafi ɗaya bai ma cika ba, sai kwali da 'yar datar sauraron furuci. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gyaran furucin *laid* da *lain*, wanda da tun ranar farko na saurara da bai taso ba.

Litinin zan fara *rise* da *raise*, tashi da tayar da, a sauran shafukan littafin nan. Wannan karon sauraro ne farko kafin in yanka kati ko ɗaya, kuma zan buɗe shafin "inda Hausa ba ta raka ni" tun daga ranar farko, don na riga na hango "tashi daga barci" da "tayar da hankali" ba za su bi layi ba. Mako uku na ba su, *sit* da *set* su biyo baya. Shafin da Malama ta nema zan rubuta shi gobe in kai mata Talata.